Darasin Kimiyyar Siyasa: Nauyin Ƙananan Jam'iyyu a Mulkin Ƙasa

Ɗalibai, darasin yau a kan ƙananan jam'iyyu yake, kuma misalansa suna nan ƙofar gidanmu. Titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga, shi ne ya bi ta Shagari, mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1979. Zaɓen da ya kai shi wannan kujera shi za mu feɗe.

Mu fara da ma'ana. Ƙaramar jam'iyya ita ce wadda ba za ta iya cin kujerar shugaban ƙasa ita kaɗai ba, ba kuma za ta sami rinjaye a majalisar tarayya ba, ko da kuwa ita ke da jiha ɗaya ko biyu a tafin hannunta. Abu biyu ne ke ba ta nauyi: inda ƙuri'unta suka taru, da irin dokar da ake bi wajen bayyana wanda ya ci. Ku rubuta wannan, domin duk abin da zai biyo baya a kansa yake.

Jam'iyyu biyar suka shiga zaɓen 11 ga Agusta, 1979. Shagari na NPN ya sami ƙuri'a 5,688,857, Cif Obafemi Awolowo na UPN ya sami 4,916,651. Dakta Nnamdi Azikiwe na NPP ya zo na uku. Malam Aminu Kano na PRP da Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP, mai taken siyasa ba da gaba ba, kowannensu ya tashi da kusan kashi 10 cikin 100. Wanda ya dubi wannan jeri zai ce PRP ba ta da ta cewa. To amma doka ba ta tsaya ga yawan ƙuri'a ba. Sai ɗan takara ya sami rubu'in ƙuri'un da aka jefa a kashi biyu bisa uku na jihohi, kuma jihohin 19 ne a lokacin.

Ku dubi allo. Shagari ya cika rubu'i a jihohi 12. Jiha ta 13 ita ce Kano, inda talakawa suka yi wa Malam Aminu ruwan ƙuri'u har ya haura kashi 76 cikin 100. A Kano an jefa ƙuri'a 1,220,763, Shagari ya sami 243,423, wato kashi 19.94, bai kai 25 ba. Yanzu ku ninka 19 sau biyu, ku raba gida uku. Amsa ita ce 12 da biyu bisa uku. A nan gardama ta tashi. Awolowo ya ce ba a gutsura jiha, don haka 13 ake nufi. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce a ɗauki biyu bisa uku na ƙuri'un Kano, wato 813,842, a fitar da rubu'insu, abin da bai kai 203,461 ba, kuma Shagari ya zarce haka. Ranar 26 ga Satumba Kotun Ƙoli, ƙarƙashin Mai shari'a Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar wa Shagari nasara, Mai shari'a Kayode Eso ya saɓa wa 'yan'uwansa.

Me zai faru da hukuncin ya juya? Da 'yan majalisun tarayya da na jihohi ne za su zaɓa tsakanin Shagari da Awolowo, kuma wuƙa da nama da sun koma hannun NPP da PRP da GNPP. Jam'iyyar da ta sami ushirin ƙuri'un ƙasa ta kusa sauya wanda zai mulki Najeriya, don kawai ƙarfinta ya dunƙule wuri guda. Da ƙuri'un nan na Malam sun warwatsu cikin jihohi 19, da babu wanda zai je kotu a kansu.

Bayan rantsuwa ma lissafin bai ƙare ba. NPN tana da kujeru 36 cikin 95 na Majalisar Dattawa, da 168 cikin 449 na Majalisar Wakilai. Ba a kafa doka da wannan. Dole ta ƙulla yarjejeniya da NPP mai sanatoci 16 da wakilai 78, aka ba ta ministoci, ɗanta Edwin Ume-Ezeoke ya zama kakakin Majalisar Wakilai. Kamar ƙaramin dutsen sikeli ne: idan hannuwan biyu sun kusa daidaita, shi ke rinjayar da awo. Yarjejeniyar ta wargaje a 1981.

Akwai tasirin da ba ya buƙatar kujera a tarayya, kuma ni shi na fi girmamawa. Gwamnonin PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali suna hawa mulki. Duk wanda ya ji labarin yadda magidanci kan sayar da akuyarsa ko hatsinsa don ya biya haraji ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kano ta ayyana 1 ga Mayu hutun ma'aikata a 1980, gwamnatin Shagari ta mayar da shi na ƙasa baki ɗaya a 1981. Babbar jam'iyya takan ari manufar ƙarama idan ta ga jama'a sun karkata can.

Boɗinga ma tana da nata misali. A 2007 ɗan yankinta, Alhaji Muhammadu Maigari Dingyaɗi, ya tsaya takarar gwamnan Sakkwato a DPP, jam'iyyar Attahiru Bafarawa. Ƙarar da ya shigar ta sa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe zaɓen Aliyu Magatakarda Wamakko a Afrilun 2008. An sake zaɓe a Mayu, Wamakko ya sake ci, shari'a ta ci gaba. A kanta ne shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara, Ayo Salami, ya zargi Babban Jojin Najeriya, Aloysius Katsina-Alu, da katsalandan, zargin da Katsina-Alu ya musanta, har aka dakatar da Salami a Agustan 2011.

Me ya sa irin waɗannan jam'iyyu ba su cika tsawon rai ba? Masanin Faransa Maurice Duverger ya lura cewa inda mai ƙuri'a mafi yawa ke kwashe kujera shi kaɗai, masu zaɓe kan guji asarar ƙuri'arsu, su koma wa manya biyu. Sai ƙananan su mutu ko su haɗe, kamar yadda ACN da CPC da ANPP suka narke suka zama APC a 2013. Yawa kuma ba nauyi ba ne. A 2019 'yan takarar shugaban ƙasa 73 ne, takardar ƙuri'a ta yi tsawon da sai mai zaɓe ya bi ta da yatsa yana neman alamar jam'iyyarsa. A Fabrairun 2020 INEC ta soke rajistar jam'iyyu 74, aka bar 18 a lokacin.

Aikin gida: yau jihohi 36 ne da Abuja. Ku fitar da biyu bisa uku na 36, sannan na 37, ku rubuta wanne ne cikinsu zai iya sake tayar da gardamar 1979, da dalilinku.