A Fasa Ledar Allura a Gabanka

Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kayarwa a makaranta ya san hanyar kemis. A soka maka allura, ka biya, ka tafi. Mu nawa ne muke duba ko sabuwa ce?

Cututtuka uku ne ke bin jini ta wannan hanya: ciwon hanta nau'in B, nau'in C, da ƙanjamau. Mu ƙanjamau muke tsoro, alhali B ya fi saurin kama mutum. Idan allura mai ɗauke da cutar ta soke ka, haɗarin ƙanjamau kusan 3 ne cikin 1,000, na B kuwa yana iya kaiwa 30 cikin 100. Ƙwayarsa tana yin mako guda da rai a busasshen jini. Kenan askar wanzami a kasuwar Dutsin-Ma ko Kurfi ma abar lura ce, goge ta da tsumma ba ya kashe komai.

A 2019, a garin Ratodero na Pakistan, an gano ɗaruruwan yara da ƙanjamau, akasari saboda maimaita allura, iyayensu kuma ba su da labari. Shi ya sa ma'aikacin lafiyan da ya gane ya yi kuskure, dole ya sanar da mara lafiya nan take, komai kunya. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, a sha kwana 28.

Af, sai 2004 Najeriya ta sa rigakafin B cikin alluran jarirai. Mu da aka haifa kafin nan, mu je babban asibiti a gwada mu, mu karɓi allurar sau uku.