Yadda Kumbo Marar Matuƙi Ke Sauka a Kan Wata

Watan da muke duba domin azumi da salla yana da nisan kimanin mil 239,000 daga gare mu. Darasinmu na yau shi ne yadda ake saukar da kumbo a kansa ba mutum a ciki.

Ranar 23 ga Agusta 2023, hukumar sararin samaniya ta Indiya, ISRO, ta saukar da kumbon Chandrayaan-3 kusa da ƙuryar kudancin wata. Indiya ta zama ƙasa ta huɗu da ta sauka lafiya, bayan Tarayyar Sobiyet da Amurka da Sin.

Wahalar aikin ita ce babu iska a wata, don haka laimar sauka ba ta da amfani. Lokacin da kumbon ya fara gangarowa, gudunsa ya kai mil ɗaya a daƙiƙa guda. Da wannan gudu, daga Greensboro zuwa Raleigh bai kai minti ɗaya da rabi ba. Dole injinansa su feso wuta ta gaba su rage gudun, har ya dira a hankali. Kuma saƙo daga duniya yana ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya kafin ya isa, saboda haka kwamfutar kumbon ce ke auna tsayi, ta kauce wa ramuka da duwatsu da kanta.

Kuskure kaɗan ya isa ya ɓata komai. A 2019 kumbon Indiya na Chandrayaan-2 ya faɗi wajen sauka. Injiniyoyin suka binciko dalili, suka ƙarfafa ƙafafun sabon, suka ƙara masa mai, suka faɗaɗa filin da zai iya sauka. Bayan an sauka, wata 'yar mota mai suna Pragyan ta yi tafiyar kimanin mita 100, ta tabbatar akwai farar wuta a ƙasar wurin.

Duk wannan lissafi ne da kimiyya, kuma ana koyar da su a garin nan. Ɗan sama jannati Ronald McNair a Jami'ar A&T ya gama digirinsa a 1971. Iyaye, a taimaka a duba mana aikin gida na lissafi kamar yadda ake duba haddarmu.

Tambayoyi:
1. Me ya sa laima ba ta aiki a wata?
2. Waɗanne gyare-gyare aka yi bayan 2019?

Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.