Sunan Da Ke Jikin Firam Ba Ya Tabbatar Da Komai

Wani dattijo dillalin shanu daga Sule Tankarkar ya zo wurina a Gumel da rauni a karan hanci da bayan kunnuwa biyu. Fatar ta yi ja, ta saɓule, tana tsattsafo da ruwa. Na ce, "Baba, ina gilashin da kake sawa?" Ya ciro shi daga aljihu a naɗe cikin hankici, ya ce ɗansa ne ya kai shi kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya saya masa, wai ɗan Faransa ne na gwal. A jikin hannun an buga Cartier. Ruwan gwal ɗin ya kankare, ƙarfen ya yi kore. Da hinjin ya karye, wani mai gyaran rediyo ya liƙe shi da dalma ba tare da ya cire gilasan ba, zafi ya ƙone rufinsu. Firam ɗin ya karkace, tsakiyar gilas ta bar saitin ƙwayar ido, shi ya sa ciwon kai ya addabe shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai: babu wanda ya taɓa auna masa ido. Mai teburin sayar da gilasan ya miƙa masa jarida, ya ce ya zaɓi wanda ya fi gani da shi. Da na duba, hawan jinin ido ya riga ya cinye masa ganin gefe a idon hagu, kuma wannan ba ya dawowa.

Firam na gaske ba a zuba shi a kan tebur a rana. A garin Sabae na jihar Fukui a Japan, jihar da ta shiga sana'ar tun 1905, firam ɗaya kan bi matakai kusan 200. A can aka fara yin na titaniyom a 1981. Ana matse ƙarfen a mazubi sau da dama, a lanƙwasa zoben da zai riƙe gilas, a yi waldar hinji inda iska ba ta shiga, don titaniyom na lalacewa idan ya haɗu da iska yana da zafi. Sannan a juya shi cikin ganga da ƙananan abin goge har ya yi santsi, a ƙarasa da hannu, kafin a hau masa ruwan gwal mai kauri. A Italiya ma haka ake yi a yankin Belluno, inda Leonardo Del Vecchio ya kafa Luxottica a 1961. Wannan aikin ake biya wa kuɗi. Buga suna kuwa, kowane ɗan jabu ya iya.

Na jabu jan ƙarfe ne da nikel, da ruwan gwal fyal-fyal. Gumin bazararmu kan wanke shi, nikel ya taɓa fata, ƙaiƙayi da ƙuraje su biyo baya. Turai ta kayyade nikel ɗin da firam zai iya saki. Na kan tebur, wa ya gwada shi?

Jama'ar Gagarawa da Maigatari, ku daina kai gilashi wurin mai walda. Kada ku lanƙwasa hannunsa da filaya, kada ku bar shi a gaban mota cikin rana. Idan firam ya fara barin kore a fata, ku cire shi, man shafawa ba zai yi magani ba. Na sake faɗa, ban da mai walda!

Ku kuma 'ya'ya, in kuna son kyautata wa iyayenku, ku fara kai su a auna ido da hawan jininsa. Firam mai araha na kirki da gilas daidai ya fi na ƙarya mai babban suna. Wanda ya haura shekara 40 ya je awon ido ko da yana gani garau.