Darasi ga Iyaye: Yaron da Ke Tsoron Taro da Walimar Gama Sakandare

Kowace shekara tsakanin watan Mayu da na Yuli, 'ya'yanmu na aji uku na babbar sakandare sukan zauna jarrabawar WAEC da ta NECO. Da zarar sun ajiye alƙalami, sai zancen walima ya tashi a gidaje, daga Kafin Hausa har Haɗeja. A yi hayar rumfa da kujeru, a ɗauko lasifika, a fitar da anko, a dafa shinkafa, a jiƙa zoɓo. Yawancin yara murna suke yi. Amma akwai waɗansu da ranar nan takan hana su barci tun da sauran mako biyu. A kansu darasinmu na yau yake.

Mu ɗauki misalin yarinya 'yar shekara 17 wadda ta yi ƙoƙari ƙwarai a makaranta. Uwarta tana lissafin baƙi, ita kuwa tana lissafin idanun da za su zubo mata sa'ad da aka kira sunanta, aka miƙa mata makirifo, aka jawo ta tsakar fili domin a yi mata liƙi. Tana son a yi murna da ita, ba ta son a mai da ita abin kallo. Ba za ta iya cewa a fasa ba, gama ta san wahalar da iyayenta suka sha cikin shekara shida, ta kuma san walimar tasu ce kamar yadda take tata. Sai ta yi shiru. Shirun nan ne mu iyaye mukan ɗauka amincewa ce, ko kuwa mu ce girman kai ne.

Wajibi ne mu raba abu biyu da muke kira da suna ɗaya. Akwai kunya ta tarbiyya, irin wadda ke hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari, ko ta sa mutum ya sunkuyar da kai gaban surukinsa. Wannan ado ce, kuma mai ita yana yin ta da saninsa. Akwai kuma tsoron taro, wanda ba a zaɓarsa: zuciya ta riƙa bugawa, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, magana ta ɓace. Wani masanin halayyar yara na Jami'ar Harvard a Amurka, Jerome Kagan, ya bi diddigin yara tun suna jarirai, ya tarar kimanin 15 zuwa 20 cikin 100 da wannan hali na firgita da baƙon abu ake haihuwarsu. Ashe ba laifin reno ba ne, balle a ce asiri aka yi wa yaro. Faɗa da gori ba sa kawar da shi, sai dai su ƙara masa nauyi.

Ga kuma zancen kuɗi, wanda yaro mai zurfin ciki yakan gani ko da ba a gaya masa ba. Walimar nan tsakiyar damina take faɗowa, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ana neman kuɗin taki da na 'yan ƙwadago. Waɗanda ambaliyar 2022 ta cinye wa gonaki a ƙasar Haɗeja sun san abin da ake nufi. Yarinyar da ta ji ubanta ya ci bashi saboda bikin da ita kanta take tsoro, kaya biyu aka ɗora mata.

To, sai a fasa ke nan? A'a. Masu kula da lafiyar tunani sun tabbatar cewa gudun abin tsoro yakan ƙara masa ƙarfi, fuskantarsa kaɗan-kaɗan kuwa yakan rage shi. Gobe ma in ta sami gurbi a Jami'ar Sule Lamido da aka kafa nan Kafin Hausa a 2013, za ta tsaya gaban aji ta yi bayani. Abin da ya dace shi ne uwa ta zaunar da ita a ɗaki, ba gaban ƙanne ba, ta ce, "'Yata, su wa kike so a gayyato, wane abu ne kuma ba ki so a yi?" A bar ta ta zaɓi ƙawaye biyu ko uku da za su zauna kusa da ita. In jawabi ne ya dame ta, ta rubuta layi uku na godiya ta maimaita a gida, ko yayanta ya tsaya tare da ita. A gaya mata tun da wuri ƙarfe nawa za a tashi. Kada kuma a sa hotonta a Facebook ko WhatsApp sai an tambaye ta.

Idan tsoron ya kai ga hana ta cin abinci, ko fita kasuwa, ko zuwa makaranta wata da watanni, wannan ya wuce kunya, sai a ga likita.

Katikis da shugabannin Zumuntar Mata su ma su lura: ranar Lahadin godiya, a kira ɗaliban su fito gaba a tare, a yi musu addu'a ɗaya, wanda yake son magana ya yi a madadin sauran.