Kalmar Fito: Daga Kogin Calawa Zuwa Tashar Ikko

Manomin gyaɗa na Gwarzo ko Kabo bai san teku ba, amma ya san fito. Asalin ma'anar kalmar shi ne ƙetarar da mutum kogi, kamar yadda akan yi a Calawa da damina, a biya mai fito ladansa. Da Turawa suka aza wa fatake haraji, wanda suka soke a 1907, sai aka kira shi kuɗin fito. A ganina kalmar ta fi dacewa da tashar Ikko, domin kafin 1914 yashi ya hana manyan jiragen ruwa shiga, sai su tsaya waje ƙanana su yi fiton kayansu. Bayan an gyara mashigar, doka ta tilasta wa babban jirgi ɗaukar jagora. A wancan zamani, ladan jagoran da harajin tashar duk suna cikin abin da ɗan kasuwa kan lissafa kafin ya yanka wa gyaɗar manomin nan farashi.