Kwaɗo da Laikin: Shaidun Ruwa da Iska

Bari mu dubi halittu biyu da mukan wuce ba mu kula da su ba.

Kwaɗo dabba ne mai ƙashin baya. A ruwa yake soma rayuwa, sa'an nan ya hau tudu. Laikin kuwa, wato ɓawon nan mai ruwan toka da yake manne wa duwatsu da itatuwa, ba tsiro ba ne. Funfuna ce da gansakuka suke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka: gansakuka tana haɗa abinci da hasken rana, funfuna tana ba ta mafaka.

Kwaɗo ta fatarsa yake shan ruwa. Laikin ba shi da saiwa, daga iska da ruwan sama yake ci. Saboda haka ƙazantar ruwa da hayaƙi su suke fara yi wa lahani. A Tanzaniya, madatsar kogin Kihansi ta rage feshin ruwan da wani ɗan kwaɗo yake rayuwa a cikinsa. A 2009 aka bayyana ya ƙare a daji. Waɗanda aka kiwata a Amurka ne suka ceci irinsa.

In kukan kwaɗi ya ɗauke da damina, mu binciki abin da muke zubawa a rafi.