Ka Yi Haƙuri da Ƙanwarka

Ɗana, matso kusa, akwai maganar da nake so mu yi kafin a kira isha'i. An gaya mini jiya ka yi wa ƙanwarka faɗa, wai don hadari ya haɗo ta tattara 'ya'yanta da takardunsu a leda ta tsaya bakin ƙofa jikinta na rawa, kai kuma kana ce mata ta rage raki, ai ruwa ya daɗe da janyewa.

Kana Kano a daren 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da Kasuwar Monday har fadar Shehu, saboda haka kai labari ka ji, ita kuwa farkawa ta yi cikin duhu ruwa ya kai mata ƙugu, goyo a baya, babban yaron a kafaɗa, tana laluben hanya da ƙafa. Wanda ya kwana a irin wannan dare, jikinsa yakan riƙe tsoron ko bayan hankalinsa ya san an tsira, domin haka ƙarar ruwa a kan kwano ta isa ta mayar da shi can.

Likitoci sun san wannan lalura. Mugun mafarki da ke maimaituwa, firgita a ƙaramin motsi, rashin barci, saurin fushi, gudun unguwar da abin ya faru. Yaro ma da ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. In an wuce wata guda ana haka, abin ya zama ciwo mai neman magani.

Abin da ya fi damuna shi ne masu cewa raunin imani ne. Ɗana, Annabi Yaƙubu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, kuma babu mai tuhumar tawakkalinsa. Idan ka ce mata ba ta yarda da ƙaddara ba, kunya ka ƙara mata a kan tsoro, sai ta daina faɗa, ta riƙa haɗiyewa ita kaɗai.

Kada ka tilasta mata ba da labarin, amma ranar da ta fara, ko karo na goma ne, ka saurara ba tare da ka katse ta ba. A ci gaba da addu'a, a kuma kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya da ke hanyar Baga, domin zuwa can ba hauka ba ne, sau da yawa ma da zaman tattaunawa ake warkarwa. Ƙwayar barci ta kemis kuwa, na roƙe ka, kada ka saya mata.

Gobe in Allah ya kai mu ka je ka ba ta haƙuri. In hadari ya taso kana can, ka zauna da ita har ruwan ya ɗauke.